Alƙaluman gurɓacewar iskar birane: wanne aka auna, wanne aka ƙiyasta?

A rahoton shekarar 2022 na kamfanin IQAir da ke ƙasar Suwizalan, Chadi ce ta zo ta farko a jerin ƙasashen da iskarsu ta fi gurɓacewa a duniya, da maikirogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) 89.7 na ɓurɓushin da ake kira PM2.5 a cikin kowace kubik mita ta iska. A jerin 2023 babu sunanta sam. A na 2024 ta dawo kan kujerarta da 91.8. Ba iskar Chadi ce ta gyaru shekara guda sannan ta sake ɓaci ba, bayanan awo ne ba su kai a saka ta a waccan shekarar ba. Adadin kuma da ake jingina wa ƙasa mai faɗin sama da murabba'in kilomita miliyan ɗaya, daga birni guda ya fito, wato Njamena.

Wannan ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani a duk lokacin da wayarsa ta nuna masa cewa iskar Kano ko Damagaram ko Maiduguri ta kai lamba kaza yau, har da launin ja ko ruwan goro. A garuruwa da yawa na wannan yanki, lambar nan ba wata na'ura da ke cikin garin ce ta karanto ta ba. Lissafi ne ya haife ta. Ba ƙarya ba ce, amma ƙiyasi ce, kuma ƙiyasi yana da hanyoyinsa da wuraren da yake tuntuɓe.

Mu fara da abin da ake aunawa. PM2.5 ɓurɓushi ne da ke yawo a iska wanda kaurinsa bai wuce maikiromita 2.5 ba. Silin gashin kai ya ninka shi kauri kusan sau 30. Saboda ƙanƙantarsa hanci ba ya iya tare shi, sai ya zarce can cikin huhu, wani ma ya shiga jini. Hayaƙin mota da janareto da murhun itace da bolar da aka cinna wa wuta duk suna zuba shi, haka ma mafi laushin ƙurar hamada. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauko da ma'auninta zuwa maikirogiram 5 a matsakaicin shekara, da 15 a matsakaicin yini guda. Hukumar ta ce gurɓacewar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019, kuma shi kansa wannan adadi ba ƙirgen gawa ba ne. An haɗa ƙiyasin iskar da mutane ke shaƙa da ƙiyasin haɗarin da ke cikinta ne aka fitar da shi.

Na'urar da hukumomi suka yarda da awonta tana zuƙar iska ta tace ɓurɓushin a kan wata takarda, sannan a auna nauyin abin da ya maƙale. Tana da tsada, dubban daloli, kuma sayen ta ba shi ne wahalar ba. Tana son wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗaki mai sanyi, da takardar tacewa da ake sauyawa, da ma'aikacin da ya san kan ta. Shi ya sa ko a biranen Turai ba a dasa ta a kowace unguwa, balle a nan. Na'urorin da ofisoshin jakadancin Amurka suka kafa, waɗanda suka fara yin suna a Bejin tun 2008, sun daɗe suna cike giɓi a manyan biranen Afirka da Asiya da dama, sai ga shi a watan Maris na 2025 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta daina wallafa bayanansu, ta ce matsalar kuɗi ce.

To a ce ma akwai na'ura ɗaya ingantacciya a gari. Mai girki tana ɗanɗana cokali guda ta san gishirin tukunya duka ne saboda ta motsa miyar. Iskar birni ba wanda ya motsa ta. Abin da mai sayar da rake ke shaƙa a bakin tashar mota daban yake da na wanda ke zaune a ƙarƙashin darbejiya a unguwar da ke da tazarar mita 300 kacal daga titin. Na ƙarfe bakwai na safe ba shi ne na azahar ba. Na Janairu ba na Agusta ba ne. Aikin masana ƙididdiga shi ne su ɗauki 'yan wuraren da aka auna, su gano ƙa'idar da ke bayan bambancin, sannan su yi amfani da ita wurin faɗin abin da ke inda ba a auna ba.

Hanya mafi shahara a cikin birane ta samo asali ne daga aikin da David Briggs da abokan aikinsa suka wallafa a 1997, inda suka gwada ta a Amsterdam da Huddersfield da Prague. Tunanin mai sauƙi ne. Ana rataye ƙananan ma'aunai a wurare masu yawa, wasu a bakin manyan tituna, wasu a cikin unguwa, wasu a bayan gari. Daga nan a koma kan taswira, a zana da'ira a kewayen kowane wuri, mai faɗin mita 50 ko 100 ko 500, a ƙirga abin da ke cikinta: tsawon babban titi, yawan motoci, cunkoson gidaje, filin masana'antu, yawan bishiyoyi, tudu ne ko kwari. Sai a ba kwamfuta ta nemo nauyin da ya dace da kowane abu, ta yadda idan aka haɗa su za su ba da adadi mafi kusa da wanda aka auna. Abin da ke fitowa a ƙarshe layin lissafi ne guda, mai cewa gurɓacewar wuri daidai take da wani tushe da kowa ya yi tarayya a kai, a ƙara kaza don titi, a ƙara kaza don cunkoso, a rage kaza don ciyayi. Tunda taswira ta san titi da gidaje da bishiyoyin ko'ina, sai a bi garin lungu-lungu ana saka wannan layi, a fito da taswirar iska.

Wanda ya fi dacewa mu duba shi ne aikin da aka yi a Akra, domin su ma hunturu na kai musu ziyara. Daga Afrilun 2019 zuwa Yunin 2020, masu bincike daga Jami'ar Gana da Imperial College ta Landan da Jami'ar Massachusetts ta Amherst sun auna iska a wurare 146 a birnin da kewayensa. Ba su da na'urori 146. Abin da suka yi shi ne suka kafa guda 10 a wuraren da ba sa motsawa duk tsawon shekara, sauran kuma aka riƙa zagayawa da su, mako guda a nan, mako guda a can, har aka rufe wurare 136. Akwai hikima a wannan tsari. Idan ka auna unguwa ɗaya a makon da aka yi ruwan sama, wata kuma a makon da hazo ya sauko, bambancin da za ka gani na mako ne, ba na unguwa ba. Goman nan da ba sa motsi su ne ke faɗa maka yadda kowane mako ya kasance a garin baki ɗaya, sai ka cire wannan daga awon wuraren zagaye, abin da ya rage shi ne halin wurin kansa.

Sun samu matsakaicin shekara daga maikirogiram 26 a wani wuri na gefen gari zuwa 43 a yankin kasuwanci da masana'antu. Unguwannin da mutane suka cunkushe sun kusa kamo yankunan kasuwanci. Amma babban bambanci ba tsakanin unguwa da unguwa yake ba, tsakanin lokaci da lokaci ne: matsakaicin 23 a sauran watanni, 89 a lokacin hunturu, wato kusan ninki huɗu. Da suka zo gina lissafin ƙiyasi sai suka raba shi biyu, ɗaya na hunturu, ɗaya na sauran shekara. A na sauran shekara, tituna da ciyayi ne suka fi bayyana bambancin. A na hunturu kuwa, abubuwan da ke sauyawa da lokaci, irin su yanayin sama, su suka karɓe ragama. Dalilin a fili yake. Ƙurar da ta taso daga kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon tafki a arewacin Chadi inda iska ke kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ba ruwanta da wace unguwa ce ta masu kuɗi. Idan ta zo, kowa ta lulluɓe.

A ganina wannan shi ne darasi mafi nauyi ga duk mai son yin irin wannan aiki a Kano ko Katsina ko Maradi, waɗanda suka fi Akra kusa da tushen ƙurar nesa ba kusa ba. Lissafin da aka gina a Amsterdam ya ɗauka cewa titi ne sarkin gurɓacewa, kuma a can haka ne. A nan akwai abubuwan da taswira ba ta san da su ba. Babu taswirar da ke nuna inda janareto yake, ko awa nawa aka yi ba wuta a unguwa jiya da dare. Babu mai nuna inda ake ƙona bola da magariba, ko inda masu tuyar ƙosai da masu gasa tsire suke jeruwa, ko hanyar da ba kwalta wadda babur ɗaya ke tayar da ƙurar da mota goma ba za su tayar a kan kwalta ba. Kwamfuta ba ta iya ba da nauyi ga abin da ba a nuna mata ba. Sai dai ta laƙa wa wani abu mai kama da shi, misali cunkoson gidaje, ta ci gaba kamar ta gane.

Shi ya sa gwaji ya fi ginin muhimmanci. Hanyar gaskiya ita ce a ɓoye wasu wuraren da aka auna, a gina lissafin da sauran, sannan a ce masa ya faɗi adadin wuraren da bai taɓa gani ba, a kwatanta. Lissafin Akra na PM2.5 ya iya bayyana daga kusan rabi zuwa kashi biyu cikin uku na bambancin da aka gani, kuma wannan sakamako ne na mutunci. Ni dai idan na ga wanda ya zo da kashi 95 cikin 100 daga na'urori biyar, tambayar da nake fara yi ita ce yadda ya raba bayanansa. Akwai wata zamba da mutum kan yi wa kansa ba da niyya ba: ya ɓoye awon ƙarfe uku na rana na wata na'ura, amma ya bar wa kwamfuta awon ƙarfe biyu da na ƙarfe huɗu na wannan na'urar. Dole ta ci jarrabawa. Ba ta koyi iskar gari ba, haddace na'urar ta yi. Sababbin dabarun nan da kwamfuta ke koyo da kanta sun fi tsohon layin lissafi iya kama alaƙa mai sarƙaƙiya, amma sun fi shi saurin faɗawa wannan rami.

Inda babu awon ƙasa ko kaɗan, sai a ɗaga kai sama. Taurarin ɗan'adam na NASA guda biyu, Terra da aka harba a 1999 da Aqua a 2002, suna ɗauke da na'urar MODIS da ke auna yadda ɓurɓushi ke dusashe hasken rana. Yawancin taswirorin duniya na PM2.5, har da waɗanda ake gina alƙaluman mace-mace a kansu, daga irin wannan awo suke farawa. Sai dai tauraro yana ganin dukkan abin da ke tsakaninsa da ƙasa ne a dunƙule. Bai san ko ƙurar tana daidai hancin mutum ko tana kilomita uku a sama tana wucewa zuwa Tekun Atlantika ba. Don raba wannan sai an kawo wani lissafin na daban, mai kwaikwayon tafiyar iska da sinadaranta, irin GEOS-Chem, sannan a daidaita sakamakon da na'urorin ƙasa. Na'urorin ƙasan kuma sun fi yawa a Amurka da Turai da Sin da Indiya, don haka can ne gyaran ya fi zama daidai. Ƙari a kan haka, gajimare na rufe wa tauraro ido da damina, farar ƙasar Sahel mai ƙyalli tana rikita shi da rani. An kuma tsara Terra ya riƙa wucewa wajen ƙarfe goma da rabi na safe, Aqua wajen ɗaya da rabi na rana, alhali awon Akra ya nuna gurɓacewar na kaiwa ƙololuwa ne da asuba da kuma faɗuwar rana. Lokacin da aka hura murhu kuma tituna suka cika, ba mai kallo daga sama.

Sai ƙananan na'urori masu araha, waɗanda ba su wuce girman kofin shayi ba, da ake maƙalawa a bango. Su ba sa auna nauyi. Hasken leza suke haskawa cikin iskar da fanka ta zuƙo, su ƙirga walƙiyar da ɓurɓushi ke yi, sannan su ƙiyasta nauyin. Ke nan akwai lissafin ƙiyasi tun a cikin na'urar kafin ma bayanin ya fito. Laima tana kumbura ɓurɓushi ta sa su yi ƙari. A 2021 masu bincike na hukumar kare muhalli ta Amurka sun fitar da ƙa'idar gyara awon na'urar PurpleAir: a ninka abin da ta karanta da 0.524, a cire laimar iska da aka ninka da 0.0862, a ƙara 5.75. A ce na'urar ta nuna 100 a ranar da laima ta kai kashi 80, adadin da aka gyara zai zama kimanin 51. Idan laimar kashi 15 ce, zai zama kimanin 57. Kusan rabi ake zaftarewa ko ta yaya.

Ga inda gizo ke saƙa. An gina wannan ƙa'ida ne da iskar Amurka, inda hayaƙi ya fi yawa a cikin ɓurɓushin. Ƙurar hamada kuwa ta fi hayaƙi girman ƙwaya, kuma an tabbatar irin waɗannan na'urori ba sa ganin mafi yawanta. Wato a ranar da hazo ya rufe Kano har jirgi ya kasa sauka, na'urar tana karanta ƙasa da gaskiya tun farko, sannan mai bin ƙa'idar Amurka ido rufe ya zo ya sake raba adadin biyu. Maganin ba jefar da na'urorin ba ne. Aikin AirQo na Jami'ar Makerere a Kampala ya nuna hanya: a ajiye ƙaramar na'ura gefe da gefe da babbar ta tsawon lokaci a garin da za a yi aiki da ita, a fitar da ƙa'idar gyara ta wurin. A ƙasar Hausa dole wannan zaman ya ratsa damina da hunturu da bazara, domin ƙa'idar Agusta ba za ta yi aiki a Janairu ba. Kuma ba a yin sa sai da babbar na'ura aƙalla ɗaya da ke aiki ba yankewa. Na'ura mai araha ɗari ba ta maye gurbin wannan ɗayar.

Akwai kuma tambayar da gwamnatoci suka fi so: matakin da muka ɗauka ya yi aiki? A nan yanayin sama ne ke ɓata lissafi. Da rana ƙasa na ɗumama, iska na tashi sama tana baza hayaƙi cikin sarari mai zurfi. Da dare, musamman lokacin sanyi, iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama, sai hayaƙin ya rasa hanyar fita. Duk wanda ya shigo gari da magariba a watan Disamba ya ga wannan shimfiɗar hayaƙin da ke tsayawa daidai saman rufin gidaje. Hayaƙi iri ɗaya, adadi ɗaya, na iya ba da awo mai ninki biyu ko uku saboda iska ta tsaya kawai. Don haka kwatanta watan bana da na bara kai tsaye ba hujja ba ce.

Abin da ake yi shi ne a koya wa kwamfuta alaƙar gurɓacewa da gudun iska da inda ta fuskanta da zafi da laima da sa'a da ranar mako, daga bayanan shekaru da dama, sannan a tambaye ta: da ba a ɗauki matakin ba, da wannan yanayin, me za a gani? Tazarar da ke tsakanin amsarta da abin da aka auna ita ce tasirin matakin. Kullen korona na 2020 ya zama babban filin gwada wannan. Jaridu sun cika da hotunan sararin sama garau, amma da masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Birmingham suka tace tasirin yanayi a birane 11, ciki har da Bejin da Delhi da Landan da Milan, sai suka ga raguwar NO2, wato iskar gas mai cutarwa da ke cikin hayaƙin motoci, da kullen ya jawo ba ta kai yadda ɗanyen awo ya nuna ba. Ta tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 50, iskar ozon ma, wata iskar gas mai cutarwa idan an shaƙe ta, ƙaruwa ta yi a mafi yawan biranen. Wani kaso na abin da aka yaba wa kullen, shigowar bazara ce da ta saba rage gurɓacewar kowace shekara.

Mu ma muna da irin waɗannan ranaku da suka raba jiya da yau. A Janairun 2013 aka hana acaba a Kano, A Daidaita Sahu ta cika tituna. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, mutane da yawa suka ajiye motoci suka rage kunna janareto, wasu gidaje kuma tsadar rayuwa ta mayar da su kan gawayi da itace. Wanne ya rinjayi wanne a iskar da ake shaƙa? Tambaya ce da lissafin nan zai iya amsawa, amma sai da awon shekaru kafin ranar, daga na'ura ɗaya a wuri ɗaya, kuma awon da ba a ɗauka a 2012 ba babu mai komawa ya ɗauko shi. Abin da ya rage shi ne taskar taurari. Don 2023 akwai na'urar TROPOMI da ke kan tauraron Sentinel-5P na Turai, wanda aka harba a Oktoban 2017, tana ganin NO2 a yankuna masu faɗin kilomita 5.5 da 3.5, sau ɗaya a yini da tsakar rana, kuma hayaƙin gawayin dare ba ya cikin abin da take kamawa. Don 2013 sai dai a koma ga na'urar OMI da ke kan wani tauraron tun 2004, wadda kowane ɗigo nata ya kai kilomita 13 da 24, ta yadda Fagge da Sabon Gari da Nasarawa da gonakin bayan gari duk za su iya faɗawa cikin lamba guda.